RAV4, CR-V, Lexus RX ko Murano: Wace Tsohuwar Jif Ya Kamata Ka Saya?

Mutumin da yake son ya bar ƙaramar mota ya koma jif, amma ƙarfinsa bai kai na sabuwa ba, yawanci zaɓinsa yana tsayawa ne a kan motoci huɗu da suka cika wuraren dillalai daga Kano zuwa Kaduna da Abuja: Toyota RAV4 ta 2006 zuwa 2012, Honda CR-V ta 2007 zuwa 2011, Lexus RX 330 da ƙanwarta RX 350 na 2004 zuwa 2009, da kuma Nissan Murano ta 2003 zuwa 2007. Duk da cewa jif muke ce musu, ba irin su Land Cruiser ko Prado ba ne waɗanda aka ɗora bodinsu a kan shasi mai zaman kansa. An gina su ne a kan tsarin ƙananan motoci sannan aka ɗaga su sama: CR-V daga Civic ta samo asali, RX daga Camry, Murano kuma daga Altima. Tsayinsu daga ƙasa bai wuce santimita 17 zuwa 19 ba, wato sun isa su haye ramukan unguwa da hanyar ƙauye a lokacin damina, amma ba a yi su domin ratsa rairayi ko ɗaukar buhunan hatsi ba.

Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma da ƙerawa, mafi tsufa kuma ta haura ashirin. A irin wannan shekaru babu wadda za ta zo ba tare da ciwo ba, don haka tambayar "wacce ce ba ta lalacewa?" ba ta da amfani. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne yadda kowacce take lalacewa: shin tana ba da sanarwa kafin ta tsaya, shin ana iya gyara ta a garin da yake zaune, kuma shin kuɗin gyaran zai tsaya a ƙaramin kaso na darajarta ko zai cinye rabinta?

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne yanayin babbar matsalar da aka san motar da ita. Akwai matsalar da take zuwa a hankali, kamar shan baƙin mai ko ƙarar ƙafa, wadda mai lura zai iya zama da ita shekaru yana lallaɓawa, akwai kuma wadda take faɗowa lokaci guda ta ajiye mota a gareji wata da watanni. Mota mai ƙananan matsaloli biyar na nau'in farko ta fi mota mai matsala ɗaya tak ta nau'i na biyu.

Na biyu shi ne juriyar zafi da ƙura. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne domin kasuwar Amurka, amma yanzu za su yi aiki a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, ga cunkoso, ga esi a kunne tun safe, ga ƙurar hunturu tana toshe filtar iska da lagireto. Zafi shi ne babban abin da ke kashe giya da gasket da robobi, kuma motocin nan huɗu ba su yi daidai wajen jure shi ba.

Na uku shi ne samuwar kayan gyara da makanikin da ya san motar. Ba a maganar ko akwai kayan a Ladipo da ke Legas, domin can kusan komai akwai. Ana maganar ko za ka same su a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a ranar da kake bukata. Na huɗu shi ne shan fetur, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya daina zama ƙaramin lamari. Na biyar shi ne kuɗin saye da kuma saurin sayarwa idan bukata ta taso. Farashin naira yana canzawa tare da dala da kuɗin kwastan, amma jerin bai cika canzawa ba: Murano ce a ƙasa, CR-V a samanta, sai RAV4, sannan Lexus a can sama, kodayake RAV4 ta shekarun ƙarshe takan yi kafaɗa da RX 330.

Toyota RAV4, 2006 zuwa 2012

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne ɗaukar RAV4 ta wannan zubi a matsayin mota ɗaya, alhali injuna uku ne daban a cikin bodi iri ɗaya. Daga 2006 zuwa 2008 mai fulogi huɗu tana ɗauke da inji mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE. Daga 2009 aka maye gurbinsa da 2AR-FE mai lita 2.5 da ƙarfin doki 179. A duk tsawon shekarun kuma akwai mai fulogi shida, 2GR-FE mai lita 3.5 da ƙarfin doki 269. Dukkansu sarƙa ce ke tafiyar da tayimin ɗinsu ba bel ba, wanda hakan ya ɗauke wa mai mota wani babban kashe kuɗi.

Injin 2.4 shi ne mai suna wajen shan baƙin mai. Dalilin yana cikin ƙirar fistin da ringinsa: ƙananan ramukan da mai ke komawa ta cikinsu sukan toshe da dauɗa, ringi ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar a takardar da ya aika wa garejinsa a 2011, kuma ma'aunin da ya sa shi ne idan mota ta shanye kusan lita ɗaya a tafiyar mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, to ta cancanci a canza mata fistin. Garantin da ya rufe wannan gyara ya daɗe da ƙarewa, don haka yanzu nauyin yana kan mai saye. Sai dai ciwo ne mai ba da sanarwa. Wanda yake zare sandar awon mai duk mako yana cikowa zai iya tafiya da motar shekaru, kuma idan abin ya yi tsanani, sauke injin a yi masa ringi aiki ne da makanikai da yawa suka saba da shi, domin inji ɗaya ne da na Camry ta 2007 zuwa 2009 da ta cika gari. Wanda ba ya dubawa ne kawai injin zai buga masa a kan hanya. Injin 2.5 da ya biyo baya bai gaji wannan ciwo ba, shi ya sa nake ganin ƙarin kuɗin da ake nema a kan ta 2009 zuwa sama kuɗi ne da ya cancanci a biya.

Mai fulogi shida tana da gudu fiye da yadda girmanta ke nunawa, kuma giyarta mai hawa biyar ce yayin da ta masu fulogi huɗu hawa huɗu ce kawai. Raunin ta shi ne famfon ruwa da kan fara yoyo, kuma wurin a matse yake, sai kuma wani bututun baƙin mai da zan yi bayaninsa a ƙarƙashin Lexus tunda inji ɗaya suke amfani da shi.

A ɓangaren ƙafa, akwai ƙarar "ƙwas-ƙwas" da ake ji a sitiyari idan ana juyawa a hankali, wadda yawanci daga sandar tsakiya ta sitiyarin take, kuma ta fi damun kunne fiye da zama haɗari. Abin da ke da haɗari na gaske yana baya. A 2012 Toyota ta yi kiranyen RAV4 na 2006 zuwa 2011 saboda ƙarfen da ake saita tayoyin baya da shi: idan aka yi alayimen ba a ɗaure notinansa yadda ya kamata ba, sai ya riƙa motsi, tsatsa ta ci haƙoransa, har ya iya rabuwa mota tana tafiya. Duk wanda zai sayi wannan mota ya sa a ɗaga ta a duba waɗannan ƙarafa biyu, kuma ya ja kunnen mai yi masa alayimen.

Shan feturin mai fulogi huɗu a gwajin Amurka ya kai kimanin kilomita 10 a lita, tankinta lita 60 ne. Kayan gyara kuwa babu garin da za a rasa su, kuma idan ka tashi sayarwa ba ta kwana a hannu. Abin da za a iya kushe ta da shi shi ne cikinta roba ce mai tauri, tana da ƙarar hanya, kuma ƙofar bayanta a gefe take buɗewa da safaya a rataye a jiki, nauyin da kan sa ƙofar ta saki da tsufa.

Ga masu karatu a Maraɗi ko Damagaram, inda motocin Turai suka fi yawa, ku lura cewa RAV4 ta Turai bodinta ya fi gajarta, kuma tana zuwa da injin fetur mai lita 2.0 ko na dizal mai lita 2.2. Na dizal ɗin an san shi da ƙona gasket, don haka na fetur ya fi kwanciyar hankali.

Honda CR-V, 2007 zuwa 2011

Mutane da yawa a Najeriya suna gudun Honda saboda labarin ƙafar gaba da ke cirewa a kan titi. Wannan suna Accord ce ta jawo shi, kuma tsarin ƙafar gaban CR-V ta wannan zubi daban ne da na Accord, don haka bai dace a ɗora mata laifin da ba nata ba. Wannan tsoro ma yana cikin abin da ya sa take ɗan sauƙin kuɗi a kan RAV4, wanda riba ce ga mai saye da ya san abin da yake yi.

Inji ɗaya ne a cikin na Amurka, mai fulogi huɗu da lita 2.4 daga dangin K24, da ƙarfin doki 166, wanda aka ɗaga zuwa 180 daga 2010. Sarƙa ce a tayimin ɗinsa, giyarsa kuma otomatik ce mai hawa biyar, kuma dukkansu biyu suna da ƙarko idan ba a ci amanarsu ba. Cin amanar da aka fi yi shi ne zuba wa giyar kowane jan mai da aka samu a bakin titi. Giyar Honda manta na musamman take so, wanda a da ake kira Z1, yanzu kuma DW-1, kuma duk wani mai daban yana sa ta fara fizga da jinkirin shiga. Haka ma mai jan ƙafa huɗu: akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya yana da nasa man na Honda, kuma idan ya tsufa sai a riƙa jin gurnani daga baya duk lokacin da aka sha kwana mai tsanani. Sau da yawa canza man kawai ke magance shi, amma makanikin da bai sani ba zai iya sa ka sayi akwati sukutum.

Babban raunin CR-V a ƙasa mai zafi shi ne esi. Zubin da ya gabace ta, na 2002 zuwa 2006, kwamfuresansa kan farfashe daga ciki ya watsa ɓarɓashin ƙarfe a duk bututun. A na 2007 zuwa 2011 abin ya yi sauƙi, domin yawanci kulocin kwamfuresan ne ke mutuwa, har Honda ta ƙara wa'adin garanti a kansa. Ba matsala ce da ke tsayar da mota ba, amma wanda ya taɓa shiga cunkoson Kano a watan Afrilu babu sanyi ya san ba ƙarama ba ce. Makullan ƙofa masu aiki da lantarki su ma sukan rikice, su riƙa kullewa da buɗewa da kansu, musamman a na 2007 zuwa 2009. Wasu na 2010 da 2011 kuma suna shan baƙin mai, duk da cewa abin bai yaɗu kamar na injin 2.4 na Toyota ba. Tayoyin baya sukan ci ta gefe ɗaya idan saitin ya kauce.

Akwai abubuwa biyu na tsaron rai da bai kamata a tsallake ba. Na farko, CR-V ta waɗannan shekaru tana cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda sinadarin da ke hura ta yake lalacewa da zafi da danshi har ta iya fashewa da ɓarɓashin ƙarfe. Na biyu, a 2023 Honda ta yi kiranyen na 2007 zuwa 2011 da suka yi aiki a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda tsatsa na cin ƙarfen baya inda ƙafa ke ɗaure. Motar da ta baro Amurka kafin a yi mata waɗannan gyare-gyare haka za ta iso hannunka. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ita ce za ta nuna ko an yi, kuma ana iya bincikawa a intanet. Tsatsa kuwa sai an shiga ƙarƙashin mota da tocila.

A shan mai kusan ɗaya suke da RAV4, tankinta lita 58. Ta fi RAV4 daɗin tuƙi da kyan ciki, kuma ƙofar bayanta sama take ɗagawa. Kayanta suna samuwa a manyan garuruwa, amma a ƙananan garuruwa za ka iya jira a aiko maka daga Kano ko Kaduna, kuma wajen sayarwa takan ɗan jima fiye da Toyota.

Lexus RX 330 da RX 350

Wannan ita ce motar da zuciya ke so. Shiru a ciki, kujerun fata, laushin tafiya, da kuma kwarjinin da take ba mai ita a wurin ɗaurin aure. Kuma gaskiya ne cewa a ƙarƙashin adon Toyota ce, don haka inji da giya suna da ƙarko. Abin da dillali ba zai faɗa maka ba shi ne mota ce da aka ƙera domin mai hali, kuma tsufa bai rage mata tsadar ɗawainiya ba.

RX 330 ta 2004 zuwa 2006 tana da inji mai lita 3.3, 3MZ-FE, kuma ita kaɗai ce a cikin jerin nan da bel ke tafiyar da tayimin ɗinta. Ƙa'idar kamfani ita ce a canza shi duk mil 90,000, kimanin kilomita 145,000, kuma hikima ita ce a canza famfon ruwa a lokaci guda tunda a wuri ɗaya suke. Da wuya ka samu shaidar ranar da aka canza na motar da za ka saya, don haka ka sa kuɗin wannan aiki a cikin lissafin saye tun farko. RX 350 ta 2007 zuwa 2009 ta koma injin 2GR-FE mai sarƙa da ƙarfin doki 270. A farkon fitowar wannan inji, wani bututu da ke kai baƙin mai saman inji yana da guntun roba a tsakiyarsa, kuma idan robar ta tsufa takan fashe ta zubar da man gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Wannan yana cikin matsalolin da ba su ba da sanarwa, amma maganinsa mai sauƙi ne: akwai bututun ƙarfe zalla da kamfanin ya fitar daga baya. Ka sa a duba, idan na roba ne a canza shi kafin ka yi doguwar tafiya ta farko. Wannan shawara ta shafi RAV4 mai fulogi shida da Toyota Highlander ta 2008 ma.

Sauran matsalolinta na yoyo ne da tsufan roba. Rak ɗin sitiyari da bututunsa sukan zubar da mai, lagireto kan tsage ta wajen robar samansa, murfin saman inji kan yi gumi, musamman na layin baya, kuma fulogi uku na bayan ba a kai musu hannu sai an cire bututun shigar iska, abin da ke sa makanikai masu gaggawa su canza uku na gaba kawai su bar sauran. Dashbod ɗinta kuma an san shi da tsagewa da yin danƙo a rana, har kamfanin ya canza wa masu ita a Amurka kyauta na wani lokaci. Idan ka haɗu da wadda ƙafarta ta iska ce maimakon sifirin, ko samfurin RX 400h mai haɗa fetur da batir, ka wuce, sai dai in kana da ƙwararren da ka amince da shi a kusa. Haka kuma kada a ruɗe ka da RX 300 ta 1999 zuwa 2003 don ta fi araha, domin ita giyarta tana da tarihin mutuwa, injinta kuma yana tara dasƙararren mai idan an yi sakaci da sabis.

Fetur kuwa, a gwaji tsakanin kilomita 8 zuwa 9 take yi a lita, a cikin gari da esi kuma ƙasa da haka, tankinta ya haura lita 70. Kayan inji da na ƙafa suna samuwa ko'ina, amma fitilu, madubai da kayan lantarkin ciki suna da tsada. Tana riƙe darajarta sosai. Wanda yake son wannan inji ba tare da tsadar ado ba, Highlander ta 2004 zuwa 2007 mai fulogi shida injinta ɗaya da RX 330, wasunsu ma da layin kujeru na uku.

Nissan Murano, 2003 zuwa 2007

Murano ce ke jan wanda kuɗinsa ya gaza, domin da abin da bai kai kuɗin RAV4 ba zai samu babbar mota mai faɗin ciki da inji mai ƙarfin doki 245. Injin, VQ35DE, ba abin rainawa ba ne, yana cikin injunan da aka fi yabo a zamaninsa. Amma araha ba ta ado, kuma dalilin arahar Murano yana cikin giyarta.

Giyar CVT ba ta da hawa-hawa irin na otomatik da aka saba. Bel ne na ƙarfe yake gudana tsakanin faya-fayai biyu masu buɗewa da tsukewa, kuma duk aikin ya dogara ne a kan matsin mai da sanyinsa. Idan man ya yi zafi fiye da kima, sai kwamfutar motar ta rage ƙarfi don kare giyar, ka taka totur mota ta ƙi gaba. Idan aka ci gaba da haka, bel da faya-fayan su cinye juna. Ƙorafi ya yi yawa har Nissan ta ninka garantin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010, kuma wannan a ƙasar da ba ta kai mu zafi ba ke nan. A nan kuma an ƙara mata wani ciwon: mai na musamman take sha, NS-2, kuma duk wanda ya zuba mata man otomatik na yau da kullum ya gama da ita. Masu iya buɗe ta su gyara ba su da yawa, don haka mafita ita ce sayen wata tsohuwa, wadda shekarunta ɗaya da wadda ta mutu kuma babu mai ba ka tabbacin kwananta. Wasu makanikai kan cire ta su dasa giyar otomatik ta wata Nissan, amma sai an taɓa waya da kwamfuta, kuma ingancin aikin ya danganta ne da hannun da ya yi shi.

Bayan giya, mai jan ƙafa huɗu akwatin da ke tura ƙarfi baya yakan yi yoyo ya ƙone, robobin da inji ke zaune a kansu sukan tsage, ƙarfen ƙarƙashin kujerar direba kan karye, tankinta kuma lita 82 ne da shan mai irin na Lexus. Ranar sayarwa ita ce rana mafi wuya, domin masu saye sun san labarin.

| Ma'auni | RAV4 | CR-V | RX 330 da 350 | Murano |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Matsakaici zuwa sama | Matsakaici | Mafi tsada | Mafi araha |
| Babbar matsala | Shan baƙin mai a injin 2.4 | Esi, tsatsar baya | Bel ko bututun mai, yoyo | Giyar CVT |
| Tana ba da sanarwa? | E | Galibi | Wasu e, wasu a'a | Ba kullum ba |
| Kilomita a lita, a gwaji | Kimanin 10 | Kusan 10 | 8 zuwa 9 | 8 zuwa 9 |
| Kayan gyara | Ko'ina | Manyan garuruwa | Ko'ina, ado da tsada | Giya da wuya |
| Juriyar zafi | Mai kyau | Mai kyau, ban da esi | Mai kyau in an kula da ruwa | Mai rauni |
| Saurin sayarwa | Da sauri | Matsakaici | Da sauri | A hankali |

Abin da tebur ba ya nunawa

Duk abin da ke sama game da samfuri ne, amma mota ɗaya tak za ka saya, kuma tarihinta na iya rushe lissafin. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka irin su Copart da IAA suka fito, bayan haɗari ko ambaliya. Haɗarin da ya tsaya a bamba da fitila ba abin damuwa ba ne, amma motar da ruwa ya shanye, wayoyinta za su riƙa ruɓewa a hankali har ƙarshen rayuwarta. Ɗaga kafet, duba ƙarafan ƙarƙashin kujera, ka shinshina. Agogon tafiyarsu da mil yake ƙirga ba kilomita ba, kuma mayar da shi baya abu ne mai sauƙi, don haka rahoton lambar shasi ya fi abin da ke kan dashbod gaskiya. Takardun kwastan ma a tabbatar da su, musamman tunda a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Wadda aka yi amfani da ita a gida kuma nata ciwon daban ne. Duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ke hana inji kai zafin da aka tsara masa, ta ƙara shan mai da cin ringi. Duba ko ruwan famfo ake zuba wa lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, domin shi ke kawo tsatsa da toshewa. Duba ko an fasa salansa an cire abin tace hayaƙi da ake kira indomi. Ka je ganin mota da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi, ka tabbata fitilar gargaɗin inji tana kamawa idan an murɗa makulli sannan ta mutu bayan an tayar, kuma ka biya a sa mata na'urar bincike ta kwamfuta. CR-V mai tsabtar tarihi ta fi Lexus da ta sha ruwa nesa ba kusa ba.

Wacce ta dace da wa

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mota ɗaya, wanda da ita zai kai yara makaranta, ya je aiki, ya je gida ƙarshen wata, kuma ba shi da ajiyar da zai ɗauki babban gyara na ba-zata, RAV4 ta 2009 zuwa 2012 mai injin 2.5 ce tasa. Ita nake ba mafi yawan mutane shawara, ko da hakan na nufin ƙara haƙurin wasu watanni ana tari. Idan kuɗin bai kai ba kuma zaɓi ya tsaya tsakanin RAV4 mai injin 2.4 da CR-V, sai a duba wurin zama da hali: mazaunin ƙaramin gari mai ɗabi'ar duba baƙin mai ya ɗauki RAV4, mazaunin Kano, Kaduna ko Abuja da zai iya samun man Honda na asali da mai gyaran esi na kirki ya ɗauki CR-V, zai ma fi jin daɗin tuƙi.

Mai yawan doguwar tafiya, wanda jin daɗin zama ya dame shi kuma kuɗin fetur ba zai hana shi barci ba, ya nemi RX 350 ya canza bututun mai, ko RX 330 ya canza bel da famfon ruwa, da sharaɗin bayan ya biya kuɗin mota akwai sauran abin gyara a hannunsa. Wanda zai zazzage aljihunsa gaba ɗaya don ya mallaki Lexus, gara ya sauko ya ɗauki RAV4 mai lafiya. Mai iyali da yawa ya dubi Highlander mai layi uku.

Murano kuwa ta dace ne kawai da wanda yake da wata motar a gida, yake da makanikin da ya san CVT, zai sa mata ƙarin na'urar sanyaya man giya, kuma ya saye ta a farashin da ko giyar ta mutu gobe zai iya sayen wata ba tare da ya ci bashi ba.